Dashen Mangwaro Arba'in

Da hantsi aka kawo ƙara caji ofis: an kwashe dashen mangwaro 'yan aure guda arba'in daga rumfar ƙungiyar matasa manoma. Sufeto ya ɗauki hularsa, Kofur ya bi bayansa.

Sun tarar jama'a sun kewaye wani saurayi da ake kira Zomo, laƙabin da ya samu tun yana yaro saboda tsallaka shingen lambun mutane. Yanzu shi ke kula da rumfar.

"Ranka ya daɗe, ba sai ka wahala ba," in ji wani dattijo mai lambu a bakin rafi. "Hali zanen dutse. Gwandata nawa yaron nan ya sha?"

Malamin gona, uban ƙungiyar, ya matso. "Shekararsa uku tare da mu, ko tsinke bai ɓata ba. Shi muka zaɓa ya tafi makarantar aikin gona. Amma in sata ta tabbata, dokarmu kora ce."

Sufeto ya ja Zomo cikin rumfar. "Kai ka ɗauka?"

"Yallaɓai, da ni ne, da waɗannan zan ɗauka." Ya nuna wani layi da ba a taɓa ba. "Aurensu ya kama, mun kwance musu leda, sun isa dashe. Waɗanda aka kwashe kwanansu shida da haɗin reshe, ledar na naɗe a jikinsu. Ka motsa su, ka kashe su. Ƙaramin cikinmu ma ya san haka."

Sufeto ya gyaɗa kai. Ashe leda ɓarawon ya bi, a zatonsa mai leda shi ne ɗan aure, sauran kuwa gama-gari.

A bayan rumfar Kofur ya gano sawun baro, tayarsa na tafiya a karkace kamar ta bugu. Suka bi sawun, jama'a na biye da su, har bakin rafi, ya shige lambun dattijon nan.

Bayan wata bukka suka iske dashen a jere cikin rana, ganye ya fara langaɓewa.

"Nawa ne!" in ji dattijon. "Da hannuna na aurar da su. Ina noma tun uban yaron nan bai san wando ba."

"Madalla, Baba. Ni kuwa ban taɓa gani ba." Sufeto ya karɓi wuƙar malamin gona, ya miƙa masa tare da reshe. "Aurar mini da ɗaya."

Dattijon ya juya reshen sama, ya juya shi ƙasa. Ya yanka, ya yanke har da babban yatsansa. Matasa suka tuntsire da dariya.

"Zomo, karɓi," in ji Sufeto.

Yanka biyu, ya tsaga uwar dashen, ya cusa reshen, ya naɗe da leda daga ƙasa zuwa sama. Kofur bai gama gyara tsayuwa ba har an gama.

Dattijon ya zauna a kan baronsa. "Ni ne," ya ce. "Shekara talatin mangwarona ɗanye-ɗanye, duk zare. Yaran jiya su zo su fi ni? Na ce in na jefa wa Zomo laifin, kowa zai yarda."

"Da ka tambaya, Baba, da mun koya maka," in ji Zomo. "Kyauta muke yi ranar Asabar."

Kofur ya sa wa dattijon ankwa, ya tasa shi gaba. Malamin gona ya kama hannun Zomo ya ɗaga, matasa suka ɗauki sowa.

Zomo kuwa ya zame hannunsa, ya durƙusa gaban dashen yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku bar ihun nan, ku jiƙo buhuna mu yi musu inuwa. Yallaɓai, kada a kai su ofis a matsayin shaida, don Allah. Sha biyu za su rayu."

Sufeto ya dube shi jim kaɗan, ya mayar da biro aljihu. Sannan ya naɗe hannun rigarsa.

"Ina bokitin?"