Saƙon Da Ya Kashe Lawal

"Kai ka kashe min ɗa."

Dada Baraka ba ta yi sallama ba. Ta tsaya a ƙofar ofishin Insfekta Kezia da taɓon hanyar Ngurore har idon sawu, tana nuna Philemon da yatsa. Philemon shi ke kula da kwamfutocin Cibiyar Mafaka a Limawa, inda ake taimaka wa waɗanda suka tsero daga hannun 'yan daji. Ya sunkuyar da kai kamar ɗan akuyan da ruwa ya daka.

Lawal, ɗan Dada, yana da shekara goma sha biyar aka ɗauke shi daga ƙauyensu a wajen Madagali. Shekara uku yana ɗibar musu ruwa da itace kafin ya gudo. Hukuma ta tantance shi, ya sami uwarsa a sansanin Malkohi, cibiyar ta rubuta labarinsa, ta rantse za ta rufa masa asiri. Suka koma Ngurore inda ba a san su ba, ya kama tuƙin keke napep. Wata guda da ya wuce ya je cibiyar, ya dawo ya kasa cin tuwo. Ran Talata da hantsi saƙo ya shiga wayar mutum ɗari uku daga lambar cibiyar: sunansa, unguwarsa, lambar kekensa, da shekarun da ya yi a daji. Kafin azahar an tare shi a bakin kasuwa, aka jefe shi, aka cinna wa keken wuta. Da zanenta Dada ta tattara abin da duwatsu suka bari.

Cibiyar ta ce kwamfuta ce ta yi kuskure.

"Mama, zauna," in ji Kezia.

"Ba zama ya kawo ni ba. Ya faɗa min yadda ƙarfe ke yin gulma."

Philemon ya ɗago kai. "Akwai wata 'yar manhaja a babbar kwamfutarmu. Ba mai zama a gabanta, ita kaɗai take aiki. Tana tura wa mutane tuni, gobe ranar likita, jibi ranar taro. Na rubuta mata doka: ta karanta jerin saƙonni da lambobin waya, shi ke nan. Wajen bayanan sirri kuwa, ko shugaban cibiya ne ya umarce ta, kwamfutar ba za ta bari ta buɗe ba. Dokar tana sama da kowa."

"Akuya ka ɗaure a turke."

"Kamar haka ne, Mama."

"Shekara hamsin ina kiwo, ban ga wadda ta ƙara wa kanta igiya ba. Wa ya ƙara?"

"Ni ne." Muryarsa ta sauka. "Sati uku tana tsayawa. In ta ci karo da doka sai ta ƙame, tuni ba ya fita, ana ta kai ƙarata. Ran Litinin na sassauta, na ce doka ta daina hanawa, ta riƙa rubutawa kawai. Kwana ɗaya, in ga abin da ke damunta."

Kezia ta ɗago daga littafinta. "Duk lokacin da aka hana ta, ana rubutawa?"

"Kwamfutar tana rubutawa da kanta."

"Ka karanta kafin ka sassauta?"

Dada ta tofar da yawu a gefen takalminsa.

Suka tafi Limawa su uku. Philemon ya fitar da rubutun a takarda. Kezia ta bi layi da biro: an hana, an hana, an hana. Dada ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma ta ƙura wa takardar ido.

"Duk iri ɗaya ne, kamar kunyoyin gona."

"Fayil ɗaya ne," in ji Kezia. "Lamba 217. Na ɗanki."

"Akuya mai yunwa duk ganyen da ta samu take kai wa baki. Wannan itace guda take nufa. Tura ta ake yi."

Haka ne kuwa. Sau tara, a kwanaki tara daban-daban, wani ya sa umarni a jerin saƙonni cewa a ɗauko daga fayil 217 a tura wa kowa. Sau takwas doka ta hana. Na tara ya zo washegarin da aka sassauta. Ma'aikatan cibiyar biyu ke rubuta jerin, Naziha da Bappayo, kuma lambar sirri ɗaya suke amfani da ita, don haka kwamfutar ba ta bambance su ba.

Aka fara da Naziha. Tana kuka tun kafin a tambaye ta.

"Ina kike ran Talata?"

"Malkohi, ranki ya daɗe. Talata da Alhamis da masu jinya nake fita."

"Daga can ana iya sa umarni?"

"Sai dai a teburin nan."

Kezia ta sa aka kawo rajistar direba. Shida cikin kwanaki taran Talata ne ko Alhamis, kuma sunan Naziha na cikin motar duka shidan. Ta ce ta koma gefe.

Bappayo ya shigo cikin farin kaftani, maɓallan hannu a ɗaure duk da zafin Jimeta. Ya durƙusa a gaban tsohuwar.

"Dada, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa. Ni ma gudu ya kawo ni garin nan, na san ciwon."

"Riƙe ta'aziyyarka."

"Wa ya fi matsa wa Philemon ya gyara?" in ji Kezia.

"Ni ne mana. Mata na rasa ranar likita, in yi shiru?"

"Kai ka sa umarnin?"

Ya yi murmushi, ya ɗaga madannin kwamfutar. A ƙarƙashinsa ga 'yar takarda da lambar sirri. "Madam, mai shara ma zai iya. Baƙi nawa ke zama a kujerar nan? Kuma me yaron ya yi min?"

Kezia ta mayar da ido kan takardar.

"Karanta min saƙon," in ji Dada.

"Mama, ba sai kin..."

"Karanta."

Ta karanta. Suna, unguwa, keke, shekara uku.

"Ci gaba."

"Ya ƙare."

"Ƙarya ne. Ina zaune ranar da aka rubuta labarin. Awa biyu yana magana, har sai da suka ba shi ruwa. Ina sauran?"

Kezia ta juya ga Philemon. Ya duba umarnin, fuskarsa ta canza. "Fayil ɗin shafi huɗu ne. An ce a tura na farko kawai. Na farko fom ne, kowa a nan ya san tsarinsa. Sauran ukun bayanin bakinsa ne."

"Buɗe su."

Kezia ta karanta a fili. A shafi na uku Lawal ya yi maganar wani ɗan gari da ke kai wa 'yan daji fetur a jarka, wanda ya nuna musu gidajen da ke da samari. Bai san sunansa ba. Amma wata rana fetur ya kama mutumin da wuta a gaban Lawal, daga wuyan hannun dama har gwiwar hannu.

Dada ta dafa bango. "Ranar da ya ƙi tuwon nan ya ce min, Dada, na ga mai fetur. Na zaci a tasha yake nufi. Ashe a nan ne."

Naziha ta yi magana daga gefe, da ƙyar ake jin ta. "Shekara biyu muna aiki tare da Bappayo. Bai taɓa alwala a famfo da mutane ba. Kullum sai ya shiga bayi da buta."

"Naɗe hannun rigarka," in ji Kezia.

"Madam, wannan cin mutunci ne."

Dada ba ta jira ba. Ta cafki hannun ta fizge, maɓalli ya yi tsalle ya faɗi ƙarƙashin tebur. Fatar ta bayyana a tattare, tana sheƙi.

Kezia ta sa masa ankwa tana magana ba gaggawa. "Kuskuren na'ura ba ya zaɓen shafi. Wanda ya tura yana so a san Lawal, yana tsoron a san abin da Lawal ya sani. Ya gane ka, ka gane shi, ka ga lambar fayil ɗinsa a katinsa na cibiya. Ba ka da ikon buɗe fayil ɗin, sai ka aiki manhajar. Dokar ta hana ka sau takwas. Da ka ga ba za ka karya ta ba, sai ka yi ta ƙorafi har mai riƙe da ita ya gaji."

Bappayo ya kalli tsohuwar. Ladabin ya bar muryarsa. "Ni dutse ko ɗaya ban jefa ba."

Aka fita da shi. Philemon ya matso yana share ido. "Mama, ki yafe min. Na mayar da dokar yadda take."

"Ka mayar? To mayar min da Lawal. Sau takwas abin nan ya yi maka ihu, kai mai boko, ka toshe masa baki don ka huta."

Kezia ta rufe littafinta. "Mama, an kama mai laifi. Ki je gida ki huta."

Sai yanzu Dada Baraka ta ja kujera ta zauna. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da makullin keken, baƙi ƙirin da hayaƙi, ta ajiye a kan takardar.

"Mutum ɗari uku suka sami saƙon nan. Duk 'yan gudu ne irinmu, wasu tabarma ɗaya muka kwana a Malkohi. Ba wanda ya buga waya ya ce Lawal, gudu. Wani cikinsu ne ya kai maganar kasuwa. Sunayensu suna cikin ƙarfen nan, shi da kansa ya faɗa." Ta nuna Philemon da haɓa. "Fito da su. Ke kuma ki karanta min ɗaya bayan ɗaya, kada ki tsallake. Kowa sai ya zo nan ya tsaya a gabana, ya faɗa da bakinsa abin da ya yi da wayarsa ran Talata."