Kwandon Mai Toka

A can wani zamani, a wani ƙauye na bakin fadama, an yi wata tsohuwa mai lambu. In lokacin shuka ya yi, kowane gida sai ya kai mata abin da ya samu, wannan taki, wancan iri. Ita kuwa duk Juma'a sai ta kai wa kowane gida kwandon kayan miya.

Akwai wata gwauruwa da ba ta da taki, ba ta da iri. Tokar murhunta kawai take kaiwa.

Wata shekara tsutsa ta shiga lambuna, kayan miya suka yi tsada. Sai ga wani ɗan kasuwa daga birni, ya ce, "Iya, sayar mini da kwandunan nan."

Tsohuwa ta ce, "Ɗana, suna da masu su."

Ya nuna na farko, ta ce na masu taki ne. Ya nuna na biyu, ta ce na masu iri ne. Ya nuna na ƙarshe, ta ce na mai toka ne.

Ya yi dariya, ya ce, "Toka ma har abin kawowa ce? Ba ni wannan."

Tsohuwa ta ja hannunsa zuwa gefen da ta barbaɗa wa tokar. Nan kaɗai ganye yake shar, ko huda babu. Ta ce, "Duk abin da ke kwandunan nan, a nan na tsinka."

Ɗan kasuwa ya sunkuya, ya aza kwandon a ka, ya ce, "Iya, ina ne gidanta?"