Zoben da Ya Koma Hannun Dama

"Nuala, miƙo hannunki na dama in gani."

Ko sallama babu. Fergal ne tsaye a barandar sashen masu ciwon jini na asibiti, rigar ruwansa tana ɗiga a ƙasa, ƙarnin kifi ma bai bar jikinsa ba. Makonni ya yi a teku, ita kuwa kullum da kewarsa take kwana take tashi.

Ta miƙe daga benci da kyar, fuskarta ta washe.

"Masoyina! Yaushe jirginku ya..."

"Hannunki na ce."

Ta miƙa masa. Sai a lokacin ta ga abin da yake kallo: zobenta.

Mu nan Galway ko 'yar firamare ta iya karatun zoben Claddagh, mai hannaye biyun nan riƙe da zuciya. In yana hagu, tsinin zuciyar yana kallon farce, an yi wa mace baiko. In kuwa ya koma dama a haka, ta sanar da duniya ke nan cewa ba ta da kowa, mai so ya shigo. Zoben Nuala a dama yake.

"Ashe gaskiya ne," in ji Fergal. "Na ce wa Mama sharri ake miki. Har rantsuwa na yi, Nuala!"

"Fergal, ni ban ma lura ba..."

"Ba ki lura ba? Zoben kakata ne fa! In kin gaji da ni, da bakinki za ki faɗa min, ba in gani a hoto a wayar uwata ba!"

Hoto kuma?

Hannunta na hagu yana cikin aljihun suwaita, a kumbure, filasta har wuyan hannu. Da ta fito da shi, magana ta ƙare. Amma Nuala akwai zuciya, ta ƙara cusa shi ciki.

"Ka taso daga teku har nan, ba ka ce min ya jikin Yaya ba. Ba ka ce min ya gajiya ba. Zobe ka zo gaisarwa."

"Kada ki juya maganar..."

"In zobe ya fi bakina daraja a wurinka, ga hanya nan."

Ya juya ya tafi. Ta bi bayansa da ido har ƙofa ta rufe, sannan ta zauna ta yi kuka mai cin rai.

Cormac, yayanta, shi ne uwa shi ne uba tun rasuwar iyayensu. Shi ya koyi kitso a kanta, kitson da ya sa aka yi ta yi mata dariya a makaranta. Tun kaka aka kwantar da shi da sankarar jini, ga shi har hunturu ya tsufa. Nuala ta ajiye aikinta, ta ɗage bikinta, ta mayar da kujerar gefen gadonsa gida. Ta san wace nas ce mai hannu mai sauƙi, ta san sautin numfashinsa in zazzaɓi zai taso.

Breda, mahaifiyar Fergal, ba ta ɓoye abin da ke ranta ba. "Yarinyar nan asibiti ta aura," take cewa a ƙofar coci. Da ta ji Nuala za ta ba yayanta ɓargo kuwa, har gida ta same ta ta ce ba da jikin da za a haifa mata jikoki ba. Likitoci sun ce babu abin da zai taɓa haihuwa, amma wa ya isa ya gaya wa Breda? Shi ya sa da aka matso da ranar ɗibar ɓargon, Fergal yana teku, Nuala ta yi shiru ta yi abinta.

Mai ɗaukar hoton ma ba sai an yi duba ba. Majella ce, mai shagon shayin da ke ƙasan asibitin, wadda ta ƙyalla ido a kan Fergal tun suna makaranta. Tana miƙa wa Nuala kofi ta hango zoben, abin nema ya samu, ta ɗauki hoto ta tura wa Breda.

Nuala ta wanke fuska, ta ɗaura takunkumi da rigar leda, ta shiga ɗakin da aka keɓe Cormac. Yana kwance, kai babu gashi ko ɗaya, ya rame sai idanu.

"Wa ya taɓa min ke, 'yar ƙanwata?"

"Ba kowa, Yaya. Mura ce."

"Murar da ke da ƙarnin kifi? Ta tagar ƙofa na hango shi. Jinina ne ba lafiya, idona ƙalau."

Ta yi ƙoƙarin dariya, kuka ya ƙwace mata. Ta faɗa masa komai.

Cormac ya kawar da kai.

"Na cinye miki aiki, na cinye miki biki, yanzu kuma miji..."

"Kada ka sake faɗin haka! Ko sau dubu ne zan sake."

"Na sani. Abin da ke hana ni barci ke nan." Ya juyo da kyar. "Sauka ki samo abinci. Amma ba a shagon waccan ba."

Tana fita ya lalubo wayarsa.

Washegari da hantsi Fergal ya dawo, fuska a ɗaure, don ba a ƙin kiran majinyaci. A bakin ƙofa Jincy ta tare shi, wata nas 'yar Indiya mai fara'a da ba ta daɗe da zuwa garinmu ba. Ta sa shi ya cire agogo, ya wanke hannu har gwiwa.

"Kai ne angon?" ta ce, tana ɗaura masa rigar leda. "To ka gode min! Ni na ceci zobenka."

"Ceto kamar yaya?"

"Ranar da aka ɗebi ɓargonta mana. Wuni ta yi da allura a jiki, hannun ya kumbura suntum. Da na yi sake, sai dai a yanka zoben. Na sa sabulu na zare shi, na mayar mata ɗaya hannun, ita ko ido ba ta iya buɗewa. Hannu ai hannu ne, ko?"

Fergal ya juyo ya dube ta.

"Ɓargo... Nuala ta bayar?"

"Au, ba ka sani ba?"

Da ya shiga, Nuala tana ba Cormac ruwa da cokali, hannun hagun a fili, ya yi shuɗi ya yi baƙi. Ta ɗago, ta kawar da kai.

"Shigo, malamin karatun zobe," in ji Cormac. "Ka iya karanta ƙarfe, ba ka iya karanta fuska ba."

Fergal ya durƙusa a gabanta, idanunsa sun kaɗa.

"Nuala... abar ƙaunata. Me ya sa ba ki nuna min ba?"

"Ba ka tambaya ba."

"Ban tambaya ba. Wallahi kunyar kaina nake ji. Ki yafe min."

"Ka san abin da ya fi min ciwo?" in ji Nuala. "Duk ranar ina kwance, kai nake kira a raina. Na ce in Fergal ya dawo zan ɗora kaina a kafaɗarsa in huta. Ka dawo, ka zo min da shari'a!"

"Ga kafaɗar, rabin raina. Na makara, amma ga ta."

Ta yi kamar ba za ta ba. Can ta kifa goshinta a kan rigar ledar, ta yi kukan da ta yi watanni tana haɗiyewa.

"Ku yi a hankali," in ji Cormac, "akwai mara lafiya a ɗakin."

Ranar Fergal ya kore ta gida ta yi barci, shi ya hau kujerar. Ya gaya wa mai jirgi ya nemi wani a madadinsa har bazara. Abin da ya faɗa wa uwarsa ban sani ba, amma dai an ga Breda a barandar da burodin gida a naɗe cikin tawul. Ba a bari ta shiga da shi ba, sai ta tsaya ta kama hannun Nuala na hagu tana shafawa.

"Kumburin ya sauka, 'yata?"

"Ya fara sauka, Mama."

Majella kuwa ta koma sunkuyar da kai in sun wuce.

Ba a samu sauƙi nan da nan ba. Akwai makon da zazzaɓi ya kusa tafiya da Cormac, su biyun suka yi ta karɓa-karɓa a gefensa. Amma ɓargon ya kama. Da bazara ta shigo aka sallame shi, aka sa rana.

Ranar ɗaurin aure kwat ta yi wa Cormac yawa, takunkumi a fuska, amma ya ƙi keken guragu. Shi ya riƙo Nuala daga ƙofar coci, ko in ce ita ta riƙo shi, suna takawa sannu sannu, jama'a suna share hawaye.

Fada ya ce, "Wa ke ba da wannan amarya?"

Cormac ya tsaya ya mayar da numfashi. Ya ɗauki hannunta ya sa a na Fergal.

"Ni ne. Amma ka sani, Fergal, ba duka na ba ka ba. Sauran tana nan tana yawo a jijiyata."