Sunan Wa Zan Fara Sawa?

"Wannan jimlar ba ta tsaya da ƙafarta ba," in ji shi, ya ɗora bakin biro a kan takardar.

Na lumshe ido. Shagon ya cika da ƙarar inji da warin tawada, ni kuma tun safe ban sa komai a cikina ba.

"Me kuma ya same ta?"

"Kin rubuta thanks for both my mothers. In mutum kike gode wa, kalmar to ake sawa, ba for ba. For na abin da aka ba ki ne. Yanzu kamar kina gode wa wani ne da ya kawo miki uwaye biyu a leda."

"To gyara."

"In kuma suna gabanki ne, sai ki ce thank you both. Amma a rubuce..."

"Waƙafi, don Allah."

Sunan da abokansa suka laƙaba masa ke nan tun a jami'a, saboda ko saƙon waya ka tura masa sai ya gaya maka inda ka manta waƙafi. Shi ke da shagon buga littattafai da ke daura da ƙofar makarantarmu. Shi ne kuma mutumin da nake so in aura, a ranakun da ba ya gyara min magana.

Kundin digirina na biyu ya kammala, shafin godiya kaɗai ya rage. Abin da ya hana ni barci kuwa ba Turanci ba ne.

Uwa biyu gare ni. Mama ce ta haife ni. Da Baba ya rasu ina ƙarama, aikin jinya ya kai ta wani asibiti mai nisa, sai yayarta, Inna, ta ɗauke ni. A gindin keken ɗinkin Inna na koyi karatu. Ranar da Mama ta dawo ta ce in haɗa kayana, Inna ta ce mata, "Sai da ta yi tsayi kika tuna kina da 'ya." Daga ranar ba su sake magana kai tsaye ba. Ni ce wayarsu.

Kowacce ta tambaye ni, a ɓoye, ko sunanta zai fito a littafin. Kowacce kuma, da na kawo maganar Waƙafi, ta ce sai ta ga hankalinsa tukuna. Ni na san kaina: ba zan iya shiga gidan aure da fushin ɗayarsu ba.

"Turancin naka ya faɗi sunan wa ake fara sawa?" na tambaye shi.

Ya sosa ƙeya. "Nahawu bai shiga wannan rigimar ba."

"Ashe yana da hankali."

Sai na ga idonsa ya yi wannan ƙyallin da na sani. Duk ranar da ya yi shi, wani abu na shirin lalacewa.

"Sanyin idona, injin nan nawa ne. Na makaranta mu bar shi ba suna. Sai in buga kwafi biyu: na Mama sunanta a farko, na Inna sunanta a farko. Mutanen da ba sa gaisawa, yaushe za su haɗa littafi?"

"Wannan ai yaudara ce."

"Adalci ne. Kowa ta zo ta ɗaya."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Halina ke nan tun ina yarinya, shi ya sa a gida suke ce min Shiru. Shi kuwa ya ɗauki shiruna a matsayin sa hannu.

Ya yi musu bango mai kauri da rubutun ruwan zinariya, ya naɗe su cikin takarda iri ɗaya. Ya nace shi zai kai da kansa, wai a fara sanin fuskarsa da alheri.

"Ka tabbata ka san wanne ne na wa?"

"Mutumin da ke ganin waƙafi daga ƙofar shago kike tambaya?"

Washegari da rana ina zaune a bayan kantar shagon ina taya shi jera takardu, sai inuwa ta rufe ƙofa. Inna ce, awon ɗinki na rataye a wuyanta, littafin a hammata. Ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Shiru, ban iya Turanci ba, amma na san sunana. Shi ne a allon shagona. Ga shi nan a baya, kamar jela."

Na juya na kalli Waƙafi.

Kafin a samu abin cewa, Mama ta shigo da fararen kayan aikinta, da alama daga asibiti ta taho. Ta ga Inna, ta ɗauke kai kamar ta ga bango.

"Shiru, gaya wa yayata ina taya ta murna. Ta zo ta ɗaya."

"Gaya wa uwarki ta daina yi min ba'a. Ita da aka sa a gaba?"

"Gaya mata na iya karatu."

"Gaya mata ni ma ba makauniya ba ce."

Tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba, amma ni suke kallo. Inna ta buga littafinta a kan kantar shagon ta buɗe. Mama ma ta buga nata. Shafi biyu suka kwanta gefe da gefe.

Injin ya gama aikinsa ya tsaya. Ban taɓa jin shagon ya yi tsit haka ba.

Inna ta bi layin da yatsa a wannan, ta bi a wancan. Mama ta gyara tabarau. A hankali suka ɗago, suka kalli juna, karo na farko a idona tun ina sakandare. Sannan suka juya tare.

"Kai ka yi wannan?" in ji Inna.

"Inna, in aka duba ta fuskar..."

"Mu za ka raina wa wayo?" in ji Mama. "Yaya, kin ji fa. Kamar yara, kowa a ba ta alawarta."

"Kuma ko rabon bai iya ba."

"Wannan za a ba amanar 'ya?"

Na ga gumi na bin gefen kunnensa. Na ga aurena na ficewa ta ƙofar shago yana ɗaga min hannu. Haushi ya taso min, nasu, nashi, na kaina.

"Da sanina aka yi," na ce.

Ni kaina ban gane muryata ba.

"To ku gaya min yadda zan yi. Inna, ke kika ɗinka min kayan makaranta, ke kika kwana a kaina da na yi ƙyanda. Mama, ke kike kirana daga bakin aiki ki ce in rera miki karatuna, ina jin kina kuka kina cewa mura ce. Layi ɗaya ne, dole wani suna ya riga wani. Na gaji... Na gaji da zama waya. In kun hana ni shi, zan haƙura, amma ku hana ni da bakinku, ku biyu, ba ta bakina ba."

Hawaye suka ƙwace min. Waƙafi ya miƙo min takarda, sai da na goge fuska na ga shafin gwaji ne na kundin wani.

Mama ta daɗe tana kallon littafin da aka kai mata, mai sunan Inna a gaba.

"Wannan ne daidai," ta ce a hankali. "Ke kika yi wahalar, Yaya. Ni haihuwa kawai na yi."

"Kawai?" Inna ta riƙe ƙugu. "Ina wajen. Kin kusa mutuwa. Sunanki ne a gaba, kar ki kawo min iyayi."

"Ke ce babba."

"Ni ce babba, shi ya sa na ce ke."

"Kullum sai kin yi gardama."

"Wa na koya wa?"

Na dafe kai. Wato rigimar ba ta mutu ba, riga ta sake. Amma yanzu da juna suke yi, kuma na ga hannun Mama ya kai ga awon da ke wuyan Inna yana warware shi inda ya murɗe.

A ƙarshe kowacce ta ɗauki wanda aka kai mata tun farko, ta rungume. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta auna Waƙafi da ido daga sama har ƙasa, kamar za ta yanka masa riga.

"Ba ka da wayo," ta ce. "Gara haka. Mai wayo ba ya kamuwa. Ka turo manyanka."

"Amma katin biki ba kai za ka buga ba," in ji Mama.

"Ko kusa," in ji Inna.

Ya durƙusa har gwiwarsa ta bugi kwali. Hausa ta gudu ta bar shi.

"Thank you both," ya ce.

"Me ya ce?" in ji Inna.

"Ya ce ya gode mana, mu biyu," in ji Mama.

Inna ta ƙanƙance ido. "Wa ya fara kallo?"

"Ƙasa yake kallo, Inna," na ce.

"To ya fara hankali."

Suka fita tare, suna musun wadda za ta raka wata gida.