Kwamfuta Ta Uku

Aikinta gwada manhaja kafin a sake ta. A daren nan kowa ya tashi daga ofis, ita kaɗai ta rage da kwamfutoci uku, kowace da irin tsarinta. Manhajar irin wadda ake rubuta wa umarni a baƙin allo ce, ita kuma ta ajiye sakamako a fayil. Da safe za a miƙa ta, shugabanta kuma ya ce in fayil ya ɓace wa wani, ita za a tuhuma.

Kwamfuta ta farko ta ajiye, ta biyu ma haka. Ta uku kuwa sau tara tana cewa an gama, amma babu fayil.

"'Yata, ba a nan yake sauka ba."

Wani dattijo ne zaune a kujerar gefenta. Ba ta ji motsin ƙofa ba. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin.

"Baba, kai ne sabon mai gadi?"

"Na riga ginin nan zuwa." Sai da bakinsa ya rufe sannan maganar ta iso kunnenta.

Don kada su haɗa ido, ta sunkuya ƙarƙashin tebur kamar mai gyara waya. Wayar wutar kwamfuta ta uku na yashe a ƙasa, ba a jone ba, ga allonta kuwa yana ci. Ta kalli ƙasan kujerarsa. Rigarsa na reto, babu ƙafa a cikinta.

Daga saman tebur ta ji ana danna madannai a hankali.

"Ɗago ki gani, 'yata. Ga fayil ɗin ya fito, da sunanki."