Mayafina a Kan Kyamara

"Bushira, gaya wa saurayin nan naki ya kwashe wayoyinsa ya bar min zaure!"

Baba bai taɓa ɗaga min murya haka ba.

Jibi za a kai shi asibiti Kaduna, wata guda zai yi. Abu ɗaya ya nema: ya riƙa ganin tsakar gidansa a waya, saboda mahaifiyarsa Hajiya Ma'u ta rantse ba ta barin Birnin Gwari. Saurayina Munzali ya ɗaura kyamara, ya haɗa ta da rauta, ɗan akwatin nan mai raba intanet. Kana cikin gida hoto tar, kana fita waje ka kunna data sai ɗif!

Kwana uku yana fama, ya juya kyamarar tana kallon bango, abin da ya ƙara ƙular da Baba ke nan.

"Baba, a yi haƙuri," Munzali ya faɗa a durƙushe. "Na buɗe mata hanya a rauta, amma lambar IP ta layin nan, wato adireshinsa a intanet, gidaje ɗaruruwa ke kanta. Mai nema daga waje ba zai gane namu ba. A ba ni zuwa gobe in haɗa hanya mai kulle."

"Kullum gobe! Wannan ne zai riƙe min 'ya?"

Sai ga Yaya Abarshi, ɗan ƙanin Baba da ya addabe ni da maganar aure, yana wani taunar cingam. Ya zo da layi mai lambarsa shi kaɗai, yana karanto ta da ƙarfi don a san ya iya. Minti goma ya gama, ya juyo da kyamarar tsakar gida, ya ja Baba bakin titi.

Hoto ya fito, har Hajiya tana tsintar wake.

"Ka ga aiki!" in ji Baba.

Wallahi shi ke nan, an raba mu...

Wayata ta yi ƙara. Munzali ne.

"Hasken idona, hau turmi ki rufe kyamarar nan da mayafinki."

"Masoyi, me..."

"Don Allah yanzu."

Na rufe, na dawo zaure na laɓe. Munzali ya ciro tasa wayar, ya danna lambar da Yaya ya gama shela, ya sa kalmar sirrin da kyamarar ta zo da ita daga kamfani, ya miƙa wa Baba.

Shuɗin mayafina ya cika fuskar wayar, har da furanninsa.

"Ba wanda ya ba ni mabuɗi, Baba, ga shi na shiga. Haka kowa zai shiga, ko yana Kaduna ko yana cikin dajin nan. Zai ga mai shiga da mai fita, ya san ranar da babu namiji a gidan."

Cingam ɗin Yaya ya tsaya cak.

Baba ya daɗe yana kallon wayar.

"To me ya sa ka sa aka rufe?"

Munzali ya sunkuyar da kai.

"Iyalinka ne a ciki, Baba. Ba a ba ni izinin gani ba."

Wayyo Allah! Na toshe baki da hannu, hawaye na zuba. Ina son mutumin nan, ina alfahari da shi, kuma ban damu wa ya sani ba.

"Abarshi, zare layinka," Baba ya faɗa ba tare da ya dube shi ba. "Kai kuma ɗana, koma zauren ka ƙarasa. In na dawo ka turo magabatanka."

Washegari ya haɗa mai kullen, Baba ya yi jinyarsa yana ganin Hajiya kullum.

Ranar da aka kai ni ɗakin Munzali ƙawaye suka yi ta tsiya, wai amarya guda da tsohon mayafi.

Na bar su suna dariya. Ni na san abin da na yafa.