Matar da Ta Ƙi Bin Jagora

Sufeto Cuthbert Modeste yana tsakiyar cin dafaffiyar ayaba da kifi aka bugo masa waya: an tsinci gawa a gindin magangarar ruwa, can kan tudu.

Ko da ya isa, ya tarar da baƙi cirko-cirko, duk fasinjojin ƙaton jirgin ruwan da ya tsaya da safe. Gawar kuwa ta jagoransu ce, Ashton Lalgie, mutumin da ya kame harkar yawo da baƙi a tsibirin. Daga saman dutse ya faɗo, kansa ya fashe.

"Santsi ne ya kwashe shi, yallaɓai," in ji Saje Verna.

"Mutumin da ya girma yana hawan dutsen nan? Haba Saje."

Wani tsoho cikin baƙin ya matso. Ya ce suna ɗaukar hoto sai suka ji muryar mace daga cikin daji tana kiran "Zandoli!" Ashton ya yi dariya, ya ce su jira shi, ya hau.

Sufeto ya san sunan. Zandoli sunan ƙadangare ne a yaren tsibirin, kuma laƙabin Ashton na ƙuruciya. In ba 'yan ƙauyensu ba, babu mai kiransa haka. Ga shi jirgin zai tashi kafin faɗuwar rana.

A bakin tashar jiragen ruwa, direbobin tasi suna ta shewa kamar ranar biki. Dama kullum Ashton yana tsorata baƙi, wai duk wanda ya fita yawo shi kaɗai ko ya hau tasi, 'yan fashi za su tare shi. Sufeto ya zaga motocin, ya tsaya kan ta wani direba, Winsbert.

"Ina ka je yau?"

"Ni? Tun safe ina nan ina korar ƙuda, yallaɓai."

"To ƙudan ne suka shafa wa tayoyinka jar laka? A kan tudu kawai ake samun irinta."

Winsbert ya sosa ƙeya. "Wata mata na kai. Daga jirgi ta sauko, yaran Ashton suka yi mata caa, ta ce ba ta son jagora."

"Baƙuwa ce?"

"Da shigar baƙi dai na gan ta, faffaɗar hula da baƙin tabarau. Amma ita ta nuna mini hanyar tsohuwar gonar koko, wadda ni kaina na manta da ita."

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Yallaɓai, ko wace ce, in ita ta tura shi, da na sani da kyauta zan kai ta."

Sufeto ya sa aka tsayar da duk matar da ta fita yawo ita kaɗai. Ba su da yawa. Winsbert ya nuna ɗaya da haɓa: dattijuwa, siririya, fasfo ɗinta na ɗauke da sunan Merle Hartley.

"Madam, ina kika yini?"

"A kasuwa. Na sayi kayan ƙamshi."

"Kin taɓa zuwa tsibirin nan?"

"Yau ne farko."

Ya dubi hannuwanta. Duk sun sha yanka sirara-sirara, irin na kaifin ciyawar kan tudu.

"Kasuwarmu ba ta da ciyawa, Madam. Cire tabarau ɗin."

Ta cire a hankali. Nan take Sufeto ya gane ta. Yana ƙaramin ɗan sanda ya ga wannan fuskar a kotu, ranar da aka ɗaure Osric Calliste, wani direban tasi, bisa zargin yi wa baƙo fashi da sara. Shaidar Ashton ce ta kai shi gidan yari, kuma can ya mutu.

"Anti Merle," ya ce. "Matar Osric."

Ta yi murmushin da babu daɗi a cikinsa. "Ashe akwai wanda bai manta ba."

"Me ya dawo da ke?"

"Bara wanda ya yi saran da hannunsa ya aiko mini saƙo daga gadon asibiti, yana neman gafara kafin ya cika. Ya ce Ashton ne ya sa shi, don baƙi su ji tsoron fita su kaɗai, kowa ya bi motarsa. Osric kuwa laifinsa ɗaya, baƙi sun fi son hawa tasi ɗinsa."

"Me ya hana ki kawo mana maganar?"

"In kawo muku maganar matacce? Ashton ya ɗauki lauya, ya fito yana yi mini dariya? Na wanke ƙazantar tsofaffi a ƙasar sanyi, shi yana nan yana gina bene a kan ƙashin mijina."

"Ke kika kira shi?"

"Ni ce. Ya hau yana washe baki, ya zaci wata tsohuwar budurwarsa ce. Na ce, 'Zandoli, ka tuna Osric?' Wallahi sai da ya yi tunani. Wai, 'Wane Osric?' Da ya tuna, da wataƙila na ƙyale shi. Da hannuwan nan biyu na tura shi, na kuma tsaya na leƙa har sai da ya daina motsi."

"Kin san abin da kike faɗa? Kisan kai ne."

"Rubuta da kyau, ɗana. Kada ka rage komai."

Saje Verna ta fito da ankwa. Matar ta miƙa hannu da kanta. Direbobin da ke shewa ɗazu suka yi tsit, Winsbert ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Jirgin ya yi ƙugi, aka janye matakala. Ko waiwaye ba ta yi ba. Sai da aka zaunar da ita a bayan motar 'yan sanda ta ce, "Sufeto, ku bi da ni ta maƙabartar coci. Ina so in gaya wa Osric da bakina."

Direba ya dubi Sufeto. Hanyar ofis tana dama, maƙabarta tana hagu.



"Yi hagu," in ji Sufeto. "Amma ba za a cire mata ankwa ba."